Icen Udun Da Ya Ƙi Bushewa A Ƙiblatain

Jama'a, abin da zan ba ku labarinsa wallahi tallahi ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba, kuma ba zan ƙara masa gishiri ba don ko a yadda yake ma ya ishe ni. Yau wajen shekara bakwai ke nan, lokacin ina koyarwa a wata jami'a a Madina, sashen haɗa magunguna, ina zaune da iyalina a unguwar Khalidiyya. Fannina shi ne itatuwa da tsirran da ake samun magani da ƙamshi daga jikinsu, kuma tun ina ɗalibi a gida Najeriya na yi shekara biyu ina shiga kurmin Taraba da mafarautan ƙauye, saboda haka na san daji mai ruwa, na san warinsa, na san ƙwarinsa. Ku riƙe wannan, don kada ku ce tsoron baƙo ne ya ruɗe ni.

A lokacin muna da wani aikin bincike da abokan aiki a can tsibiran Indonesiya a kan icen udu, wannan baƙin icen da ake sa wa a garwashi gida ya ɗauki ƙamshi. Wanda ya taɓa zuwa Madina ya san yadda ake sayensa kamar ba gobe. To shi udu ba kowace bishiya ke yin sa ba, sai wadda ta ji rauni ta daɗe tana tara baƙin ƙaro a cikinta, shi ya sa masu nemansa suke sare bishiya goma kafin su dace da guda, su bar kurmi a kwance. Su abokan aikin namu suna can suna aiki da mutanen ƙauyukan da ke cikin kurmin, mutanen su ke nuna musu tsofaffin bishiyoyinsu ana yi musu lamba, ana koya wa matasa yadda za su shuka nasu a gona. Ni kuma nawa aikin a kasuwa yake, in karɓi ɗan ɓallin ice wurin 'yan kasuwa in duba ko na gona ne ko na daji da aka sato, in kuma zauna da su in yi musu bayani. Wasu su saurara, wasu su ba ni shayi su sallame ni.

Wanda ya buɗe mini ƙofar 'yan kasuwar nan wani dattijo ne, Ammu Isiyaku. Bahaushen Sudan ne, kakanninsa suka taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar hajji suka yada zango a bakin kogi, shi kuma ya ƙarasa tafiyar tun yana saurayi. Shi ke tsaron ma'ajiyar wani ɗan kasuwar turare a bayan shagunan Ƙiblatain, inda motocin alhazai ke tsayawa. Hausarsa rabi Larabci ce, amma mutum ne mai kunya da riƙon amana, bai taɓa roƙona komai ba.

Ranar wata Asabar, tsakiyar bazara, irin zafin da in ka taɓa ƙofar mota sai ka yarfe hannu, na dawo daga sallar azahar ke nan ko jallabiyata ban cire ba sai ga wayarsa. Ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba.

"Ya duktur, ka zo mustauda, ma'ajiyar nan, yanzu yanzu, Allah ya bar ka. Kuma kada ka zo da kowa."

Na ce lafiya dai Ammu? Ya ce in dai zo.

Na isa unguwar tsit, shaguna duk an ja ƙofa, ba kowa sai kuliyoyi a ƙarƙashin motoci. Ya buɗe mini ƙaramar ƙofa na shiga ya mayar ya rufe. Ɗaki ne dogo ba taga, kwalaye jere har sama, na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani. Ya ja ni can ƙurya ya yaye wani bargo, sai ga guntun icen udu wanda tunda nake ban taɓa ganin irinsa ba. Tsawonsa ya kai daga ƙasa zuwa ƙuguna, kaurinsa sai dai ka rungume, baƙi wuluk yana sheƙi. Na sa hannu in jijjiga shi, ko motsi bai yi ba.

Kallo ɗaya na yi masa na san wannan bai taɓa ganin gona ba. Na gona za ka ga ramukan da aka huda a jere, wannan kuwa bishiya ce da ta girmi kakan kakana. Da na duƙa na haska fitilar waya sai na ga wani abu kuma: a gefe guda an yi masa tsage-tsage da wuƙa, layi-layi, wasu sun tsufa har ice ya rufe su, wasu sababbi-sababbi, sannan ga wani zaren jan ƙyalle da icen ya haɗiye rabinsa. Na ɗauki hotuna. Ina dafa ƙasa zan tashi sai na ji tafin hannuna ya jiƙe.

Na ce, "Ammu, ruwa kuka zuba masa?"

Ya girgiza kai. Ya ce sati uku ke nan da kawo shi, kullum sai ya canza kwalin da ke ƙarƙashinsa, kullum ya tarar da shi sharkaf. Ya sa 'yan dako sun kai shi rufin bene ya shanya kwana biyu a ranar Madina, ranar da take busar da wanki kafin ka gama shanya na ƙarshe, aka sauko da shi yana ɗiga.

Sannan ya faɗa mini abin da ya sa ya kira ni. Maigidansa ya sami mai saye, amma mai sayen ya ce sai da takardar masani cewa icen na gona ne. Maigidan ya san Ammu yana da aboki duktur, ya ce masa ko ya kawo takarda kafin Litinin ko ya nemi wani wurin aiki, shi ba zai sabunta masa iƙama ba, wato takardar izinin zama. Dattijon nan yana magana yana kallon ƙasa.

"Ya waladi, shekarata sittin da takwas. 'Ya'yana mata huɗu duk a nan aka haife su, Hausar ma ji kawai suke yi. In aka ce in fita, ina zan kai su? Layi biyu ne kawai, ka sa hannu, halas."

Ya miƙo mini takardar, an riga an buga komai, sunana kawai ya rage da sa hannu. Ba zan yi muku ƙarya ba, na karɓa, na kuma zaro alƙalami daga aljihu. Zuciyata tana ce mini bishiyar dai an riga an sare ta, ƙin sa hannunka ba zai tayar da ita ba, ga tsoho zai tagayyara a kanka. Don in sami abin da zan fake da shi sai na ce bari dai mu ƙona kaɗan in ji ƙamshin tukuna. Ya kawo kaskon turare da garwashi, ya sa wuƙa ya ɓanɓaro ɗan mitsitsi kamar ƙwayar shinkafa ya ɗora. Daidai nan wayarsa ta yi ƙara, ya duba ya ce maigidan ne, ya fita waje don a ciki ba a ji sosai, ya ja ƙofa.

Na zauna a kan wani kwali, takarda a cinya, alƙalami a hannu. Hayaƙin ya taso siriri. Farko ƙamshi ne mai daɗi ƙwarai, sai kuma a ƙarƙashinsa na fara jin wani wari da na sani, warin ruɓaɓɓen ganye da jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin wanda rabona da shi tun Taraba. Sai na lura gurnanin na'urar sanyi ya ɗauke. Na ce to wuta ce aka ɗauke, amma ai ga haske, sai dai hasken ya koma kore-kore. Sai ɗigon ruwa ya sauka a bayan wuyana, tal! Na ɗaga kai in ga ko rufi ne ke yoyo.

Jama'a, babu rufi. La'ilaha illallahu, ganye ne a sama, ganye a kan ganye har inda ido ya ƙare, rana tana ratsowa kaɗan-kaɗan. Kwalayen nan babu su, sai jikin bishiyoyi da kurangar daji tana lilo. Kukan ƙwari ya cika mini kunne kamar ana niƙa. Kuma ni da nake zaune sai na tsinci kaina a tsaye, takalmana sun nutse cikin taɓo, ina jin sanyinsa yana shiga tsakanin yatsuna. Na so in yi salati da ƙarfi, bakina ya ƙi buɗuwa, na so in ja da baya, ƙafa ta ƙi. Ba kamar mafarki ba ne, don a mafarki ba ka jin sauro na cizonka, ni kuwa ina ji.

A gabana, kamar taku ashirin, ga wata ƙatuwar bishiya an ɗaura mata jan ƙyalle, ga tsage-tsagen nan a jikinta. Maza uku suna gindinta, ɗaya riƙe da zarto mai inji, ɗaya da bindiga a rataye yana shan sigari. Gefe guda kuma mutanen ƙauye ne a tsaye, ba su fi goma ba, ba wanda ya iya matsowa saboda bindigar. Wata tsohuwa ce kawai a gaba, 'yar ƙarama, gashinta fari fat, kunnuwanta sun zazzago saboda nauyin 'yan kunne, tana ta magana tana nuna gindin bishiyar, muryarta har ta dushe. Mai injin ya ja igiya, injin ya tashi, ƙararsa ta shiga har cikin haƙorana.

Sai tsohuwar nan ta juyo. Duk sauran ba wanda ya dube ni, ita kaɗai, kuma ba wai ta kalli wajen da nake ba ne, a'a, cikin idona ta kalla. Ta tako ta nufo ni tana ɗingishi, ta zo dab da ni har ina ganin hawaye a cikin tamojin fuskarta, ta nuna hannuna na dama ta faɗi wata magana, ta sake maimaitawa, ta sake, da yaren da ban taɓa ji ba. Ina ji ina gani ba abin da na iya yi. A bayanta bishiyar ta yi wata irin ƙara kamar ƙashi ya karye, ta fara karkatowa, kuma kanmu ta nufo, inuwarta ta rufe ni, na runtse ido na ce shi ke nan.

"Duktur! Ya duktur! Bismillahi, me ya same ka?"

Ammu ne yake jijjiga ni. Ina tsaye a tsakiyar ma'ajiya, na'urar sanyi tana gurnaninta, takardar tana ƙasa, alƙalamin na damƙe shi har ya tsage. Ya ce minti biyar bai yi a waje ba, ya dawo ya same ni a sandare ido buɗe. Na ce masa ba komai, jiri ne, ƙila zafin rana. Sai na ga ya ƙura wa ƙafata ido, ya ja da baya yana innalillahi.

Na duba. Takalmana da gefen jallabiyata duk jan taɓo ne, ɗanye. Sannan a idon sawuna na hagu ga matsattsaku, ya sha jini ya yi tim kamar babban yatsa. Matsattsaku fa, a Madina, a ɗakin da ko kiyashi ba ka gani! Ammu ya san shi tun yarintarsa a bakin kogi, shi ya ɗauko garwashi da abin kama wuta ya ɗosana masa, ya saki ya faɗi, jinin kuwa ya ƙi tsayawa har sai da muka ɗaure da ƙyalle. 

Muka fito waje muka tsuguna a 'yar inuwar bango, zafin nan da nake gudu ɗazu sai na ji shi kamar rahama. Can ya ce, a hankali, "Ka gan ta ke nan." Na ce wa? Ya ce shi bai taɓa ganinta ba, muryarta kawai yake ji, kullum tsakanin azahar da la'asar, tsohuwa tana magana a bayan kwalaye, in ya zagaya ba kowa. Ya yi karatu, ya kunna Suratul Baƙara, ta yi shiru kwana ɗaya ta dawo. Bai faɗa wa kowa ba don kada a ce tsufa ya fara taɓa shi.

Na ce, "Ammu, ka yafe mini, ba zan iya sa hannu ba."

Ya dubi titi, ya ce, "Tayyib. Ni ma da ka sa, ban san yadda zan kalle ka ba gobe." Aka kira la'asar muka tafi masallaci, na wanke taɓon a wurin alwala, ina kallon jan ruwan yana gangarawa.

A ranar na tura hotunan ga abokiyar aikinmu da ke can, Dakta Ratna, wadda ita ce ke shiga ƙauyukan. Ban gaya mata komai ba, na ce dai ko ta san wannan tsagen. Washegari da safe ta kira ni, muryarta a sama, tana tambaya a ina na ga wannan. Ta ce akwai ƙauyen da suke aiki da shi a can saman kogi, suna da bishiyar da suke binne mamatansu a kewayenta, duk wanda aka binne sai a yi masa tsaga guda a jikinta. Shekara biyu da suka wuce wasu mutane suka shigo da bindiga suka sare ta a gaban idonsu, tun daga nan suke nemanta, har cewa suka yi ba za su ƙara nuna wa masu bincike ko bishiya guda ba, don suna zargin lambar da aka yi mata ce ta jawo ɓarayin. Ta roƙe ni in yarda ta haɗa ni da su ta waya in sun sami sauka garin da ke da sabis, su ji daga bakina.

Kafin nan na je na sami maigidan Ammu da kaina na gaya masa abin da icen yake, na ce kuma zan rubuta rahoto. Ya saurare ni da murmushi, ya ba ni gahawa, ya ce in sha Allahu za a duba. Kwana biyu bayan haka Ammu ya zo aiki ya tarar an kwashe icen, wurin sai jiƙaƙƙen kwali. Ƙarshen wata kuma aka sallame shi. Na yi ta jin nauyin abin a raina, na yi ta buga waya ina neman wanda zai taimaka, har Allah ya sa mijin babbar 'yarsa ya samo masa wurin wani mai shagon dabino a unguwar Ƙurban aka mayar da iƙamarsa can. Amma ya sha wuya wata huɗu, kuma ni na jawo masa, wannan ban manta ba.

Bayan kamar sati shida Dakta Ratna ta kira ni ta bidiyo, da hantsi, ina ofis. Na ga mutane sun cika wani shago mai rufin kwano, tana juya wayar tana nuna mini su ɗaya bayan ɗaya, ina ɗaga musu hannu. Sai aka matsa aka ba wa wata tsohuwa hanya. Wallahi kafin fuskarta ta gama shigowa na gane ta, farin gashin, kunnuwan, komai. 

Ita ma tana ganina ta yi wata ƙara ta nuna wayar, ta shiga magana da sauri. Na ga Dakta Ratna ta tambaye ta wani abu, ta sake tambaya, sannan ta juyo da wayar wajenta tana 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta ce, "Dakta, ka taɓa zuwa ƙasarmu ne ba ka gaya mini ba?" Na ce ko filin jirginku ban taɓa takawa ba. Ta ce to tsohuwar nan ta rantse ta san ni. Wai ranar da aka sare bishiyar akwai wani dogon baƙin mutum da farar riga har ƙasa da tabarau, yana tsaye a bakin rafi da alƙalami a hannu, ta je ta yi masa magana bai amsa ba, da bishiyar ta faɗi kuma ba ta sake ganinsa ba. Ta gaya wa 'yan ƙauye a lokacin suka ce baƙin ciki ne ya sa take gane-gane.

Shekara biyu fa kafin ranar da na shiga ma'ajiyar nan. A lokacin ko Ammu Isiyaku ban sani ba.

Na ce a tambaye ta me ta ce wa mutumin. Tsohuwar ta matso da fuskarta ta maimaita maganar nan, sak yadda na ji ta, har dushewar muryar. Dakta Ratna ta fassara: "Kai mai abin rubutu, kada ka tsaya kallo, rubuta abin da ka gani."

Na rubuta. Rahoton ya je inda ya kamata ya je, mutanen ƙauyen kuma suka yarda aka ci gaba da aiki da su, da sharaɗin taswirar bishiyoyinsu a hannunsu za ta riƙa zama. Icen dai ba a same shi ba. Na kai maganar wurin wani malami da nake ganin girmansa, ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba, ya ce shi ba shi da abin cewa sai Allahu a'alamu, in riƙe azkar ɗina safe da yamma. Ni ma ban ce muku aljanu ne ba, ban ce hayaƙi ne ya bugar da ni ba, don hayaƙi ba ya kai mutum inda za a gan shi shekara biyu baya.

Abin da ke tayar mini da tsigar jiki har yau shi ne, ice irin wannan ba a ajiye shi, fasa shi ake yi ƙanana-ƙanana a sayar, kuma alhazai daga ko'ina suke saye su kai gida tsaraba. Wa ya sani ko wani ɓallinsa yana cikin durowar wani a Kano ko Damagaram yana jiran ranar biki. Don haka shawarata gare ku, 'yan'uwa, in za ku sayi udu ku tambayi daga inda ya fito, ku nemi na gona ko da ƙamshinsa bai kai ba. In an miƙo muku takarda a kan abin da kuka san ba haka yake ba, kada tausayi ya sa ku sa hannu. In kuma kun kwance ƙunshin turare kun ji shi da danshi alhali ba ruwan da ya taɓa shi, don Allah kada ku ɗora shi a wuta kuna ku kaɗai a ɗaki.